Za mu kai Hajiya Masar a Disamba, Yaya ya ce ƙasar tana tsakiyar murhu

Maman_Ihsan:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san Masar. Shekara biyu ke nan ni da maigidana muna tara kuɗi don mu kai Hajiyarmu Alƙahira. Burinta ke nan tun muna yara: ta yi salla a masallacin Azhar, ta ziyarci kabarin Imam Shafi'i, ta ga dalar Fir'aunonin nan da idonta. Mun tsayar da hutun Disamba, kwana goma, har da Luksor da Aswan idan kuɗi sun kai. To jiya Yayanmu babba ya zo ya ce bai yarda ba. Ya ce in buɗe taswira in gani: Gaza a gabas, Sudan a kudu, Libiya a yamma, ga 'yan Huthi da suka addabi jiragen ruwa a Bahar Maliya. Ya ce wa zai ɗauki tsohuwa ya kai ta tsakiyar murhu? Hajiya ba ta ce komai ba, amma na ga ranta ya sosu. Don Allah, yaƙin maƙwabta yana taɓa baƙon da ya je ziyara, ko tsoro ne kawai na mai kallon labarai daga nesa? Ba mu sayi tikiti ba tukuna.

Ɗan_Azhar:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Shekarata ta bakwai ke nan a Alƙahira, a unguwar Hayyul Ashir nake zaune. Tun ranar 7 ga Oktoba, 2023 da aka fara yaƙin Gaza, ban taɓa fasa zuwa darasi saboda shi ba, ko sau ɗaya. Ba mu taɓa jin ƙarar komai ba. Daga nan zuwa Rafah, wato bakin iyakar Gaza, ya haura kilomita 300, ya fi Kano zuwa Kaduna nisa sosai, kuma ba hanya ba ce da mutum zai kama kawai ya miƙe. Sai ka tsallake mashigin Suwez, sai ka wuce shingen sojoji bayan shinge. Arewacin Sina ma ba a barin baƙo ya shiga, tun kafin wannan yaƙin. Ku zo abinku. Kasuwar Khan Khalili cike take da baƙi har tsakar dare.

Ummi_Zazzau:
Mun je a watan Fabrairun bara, lafiya ƙalau muka dawo. Cunkoson motoci da masu tallan raƙumi a gindin dala ne kaɗai suka gajiyar da mu.

Abu_Fadila:
Malam Ɗan_Azhar, a faɗi duka mana. Kashegarin fara yaƙin, ranar 8 ga Oktoba, wani ɗan sanda ya buɗe wa masu yawon buɗe ido wuta a Iskandariyya, ya kashe Isra'ilawa biyu da ɗan jagoransu Bamasare. Ranar 27 ga watan kuma jirage marasa matuƙi suka faɗo a Taba da Nuwaiba, garuruwan bakin teku a yankin Sina, mutum shida suka ji rauni a Taba. Duk a cikin ƙasar Masar aka yi wannan. Ni ina bayan Yayansu.

Ɗan_Azhar:
Gaskiya ne, duka biyun sun faru, ban musa ba. Amma duba inda suka faru da waɗanda abin ya samu. Taba tana manne da iyakar Isra'ila, kana tsaye a can kana hango Ilat. Na Iskandariyya kuwa mutanen da ya nufa ya harba. Me zai kai Hajiya Taba?

Abu_Fadila:
Shi ɗan jagoran da ya mutu, shi aka nufa? Aikinsa kawai ya fito.

Injiniya_Bash:
Bari in kawo lissafi, ko zai taimaka wa Maman_Ihsan idan za ta koma wurin Yaya. A 2023 baƙi miliyan 14.9 suka shiga Masar, a 2024 kuma miliyan 15.7, wato a tsakiyar yaƙin Gaza da na Sudan adadin ƙaruwa ya yi. Yanzu ku kwatanta da 2016, lokacin da suka faɗo zuwa miliyan biyar da ɗoriya. Me ya jawo? Ranar 31 ga Oktoba, 2015 aka tarwatsa jirgin fasinjan Rasha da ya tashi daga Sharm el-Sheikh, mutum 224 suka mutu. Rasha ta dakatar da jiragenta, Ingila ba ta koma Sharm ba sai a ƙarshen 2019. Haka ma bayan kisan Luksor na Nuwamban 1997, da aka kashe mutum 62 a haikalin Hatshepsut, otal-otal suka zama kufai. Abin da nake so a gani shi ne, duk lokacin da aka yi wa baƙi babbar ɓarna a Masar, daga cikin gida abin ya fito. Yaƙin maƙwabta ya fi cin aljihun ƙasar. Kuɗin da mashigin Suwez ke kawowa ya faɗi daga kusan dala biliyan 10 a 2023 zuwa kusan biliyan 4 a 2024 saboda hare-haren Huthi.

Hauwa_Kulu77:
Injiniya, yawan masu zuwa ba shi ne lafiya ba ai. Mutane na cika mota su bi hanyar da aka san ana tare ta, don dole ko don ba su sani ba.

Injiniya_Bash:
Haka ne, Hajiya, ba hujja ce yankakkiya ba. Amma Turawa matsorata ne a kan wannan, kamfanonin inshorarsu ma ba sa wasa. Jodan ga ta nan, ba a yaƙi a cikinta, amma masu zuwa Petra sun ragu da fiye da rabi a 2024, don makamai masu linzami sun riƙa bi ta samanta kuma an sha rufe sararin samaniyarta. Da sun ga irin haka a Masar da sun gudu.

Ɗan_Ayar_Agadas:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ni daga Nijar nake, kuma ba zan iya yin shiru ba da na ji ana cewa wutar maƙwabta ba ta tsallakowa. Mu ta tsallako mana. Mahaifina shekara da shekaru yana tuƙa Turawa cikin duwatsun Ayar da Tenere, da kuɗin nan ya gina gidanmu. A da, lokacin sanyi jirage na sauka Agadas kai tsaye daga Faransa. Yau maƙeran azurfarmu sai su wuni ba su sayar da zobe ɗaya ba. Kure kuwa, inda raƙuman dawa suke, kilomita 60 ne kacal daga Yamai, kowa na cewa nan kam lafiya lau, rikicin yana can iyakar Mali. Ranar 9 ga Agusta, 2020 'yan bindiga suka zo kan babura suka kashe Faransawa shida da direbansu da ɗan jagoransu, su biyun 'yan ƙasa. Har safiyar ranar ba wanda zai ce maka kar ka je Kure. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa.

Bappa_Marwa:
Allah ya jiƙansu. Mu ma a Kamaru haka ta faru da gandun dajin Waza. A Fabrairun 2013 aka sace iyalin Faransawa su bakwai, har da yara huɗu, a kusa da Dabanga, aka tsallaka da su Najeriya, sai a Afrilu aka sako su. Kafin nan ba ruwanmu da rikicin Borno, a rediyo muke jin sa. Daga ranar Waza bai sake komawa yadda yake ba. Otal-otal na Marwa da masu sana'ar fata sun san abin da suka rasa.

Malam_Sabo_Tarihi:
Ɗan_Ayar da Bappa, maganarku ta taɓa ni, kuma ba wanda zai ƙaryata ta. Sai dai a duba irin iyakar. Tsakanin Waza da Borno daji ne, mai babur zai tsallaka cikin minti kaɗan ba wanda ya gan shi. Haka Penjari ta Benin, inda aka sace Faransawa biyu a 2019 aka kashe ɗan jagoransu, dajinta haɗe yake da na Burkina. A irin wuraren nan layin da ke kan taswira ba ya tare komai. Kwarin Nilu daban yake. Jama'ar Masar kusan duka a bakin kogi suke, hamada ta kewaye su gabas da yamma, ga ruwan Suwez, ga soja mai yawa. Iyakarta da Gaza ba ta wuce kilomita 14 ba, kuma a katange take. Don haka ni tambayar da nake yi ita ce, mene ne tsakanin yaƙin da inda zan kwana?

Abu_Fadila:
Malam Sabo, hamadar ma ta ci mutane. A Satumban 2015 jiragen sojan Masar suka yi wa ayarin masu yawon buɗe ido luguden wuta a hamadar yamma, wajen Bahariya, sun ɗauka 'yan bindiga ne. Mutum 12 suka mutu, takwas 'yan Meziko. Me ya sa sojan ke cikin ɗar-ɗar a wannan yanki? Libiya. To ka ga yaƙin maƙwabci ba sai ya aiko harsashinsa ba, ya isa ya sa mai gadin gida ya riƙa harbi kafin ya tambaya.

Malam_Sabo_Tarihi:
Na karɓi wannan. Shi ya sa ba zan ba su shawarar yawon hamada ba, ko da an yi musu tayi da araha.

Likita_Zee:
Na daɗe ina karantawa ina tunanin ko in sa baki. Ina ajin ƙarshe a Khartum aka fara yaƙin Sudan, ranar Asabar 15 ga Afrilu, 2023, cikin goman ƙarshe na azumi. Daren Juma'a mun fita sayen kayan salla. Mun ji ana cewa sojoji da 'yan RSF, wata rundunar mayaƙa ta daban a ƙasar, ba sa jituwa, amma mun saba jin haka. Da safe sai ƙarar jirage. Kwana da kwanaki muna kwance a ƙasa, ba wuta, ruwa na ƙarewa. Daga baya aka kwashe mu a manyan motoci zuwa iyakar Masar, muka yi kwanaki a Arƙin cikin rana da ƙura muna jiran izinin shiga. Abin da ba zan manta ba shi ne isarmu Aswan. Fitilu a kunne, ana sayar da lemo a bakin titi, ga jiragen ruwa a kan Nilu cike da Turawa suna ɗaukar hoto. Kogin nan ɗaya ne da wanda muka baro gawarwaki a bakinsa. Na fashe da kuka a cikin mota.

Maman_Ihsan, ban san wanne zan ce miki ba. Na ga da idona cewa iyaka tana iya tare yaƙi, har mutanen wannan gefen su ci gaba da rayuwarsu. Na kuma ga gari ya kwana lafiya ya tashi cikin wuta. Idan za ku je, kar ku bar fasfo a hannun kowa, ku riƙe kuɗi a hannu ban da na kati, kuma ku kai sunayenku ofishin jakadancinmu.

Maman_Ihsan:
Innalillahi. Allah ya sa kaffara ne, ƙanwata. Na gode da kika daure kika rubuta.

Ummi_Zazzau:
Amin. Allah ya kawo wa Sudan sauƙi, abin da muke ji daga El-Fashir ba daɗi.

Hajiya_Saudat_Kwari:
Ni sau uku ko huɗu nake zuwa a shekara saro abaya da kayan yara, kuma akwai abin da ba wanda ya faɗa. Yaƙin Sudan ya shafe mu ta fatarmu. 'Yan Sudan fiye da miliyan ɗaya sun shiga Masar tun 2023, kuma an tsaurara binciken takardun zama. Baƙar fata a unguwanni irin su Faisal ana iya tsayar da shi a kowane lokaci. Bara an tsayar da ni da yarona a bakin tashar jirgin ƙasa, fasfo ɗinmu yana otal. Awa uku muka yi a zaune kafin aka kawo shi. Ba wanda ya zage mu, amma ki yi tunanin tsohuwa a wannan hali. Fasfo mai biza a jaka kullum, da katin otal, da katin allurar shawara. Kuɗin hayan gidaje ma ya tashi saboda yawan baƙi, idan kuna tunanin kama gida maimakon otal.

Ɗan_Azhar:
Wannan gaskiya ce tsantsa, Hajiya Saudat, ya kamata in faɗa tun farko. Mu ɗalibai ba ma fita ko sayen burodi ba tare da iƙama ba, wato takardar izinin zama. In ƙara da wannan: kar a ɗauki hoton soja, ko ofishin 'yan sanda, ko shingen bincike. Kar a shigo da ɗan jirgin ɗaukar hoto, haramun ne a dokarsu. Kuma duk yadda Gaza ke ci muku rai, ban da shiga taro ko ɗaga tuta a titi. A watan Yunin 2025 an tsare baƙi da yawa da suka zo tattakin zuwa Rafah, aka mayar da su ƙasashensu.

Sadiq_Gwale:
Ni wani abu ne ke damuna daban. Ya dace mutum ya je yana ɗaukar hoto a gindin dala alhali can Gaza, a maƙwabta, yara na kwana da yunwa? Ba zargi nake ba, tambaya ce da ta tsaya mini a rai.

Malam_Sabo_Tarihi:
Tambaya ce ta mai imani, Sadiq. Amma zaman Hajiya a Kano ba zai kai wa Gaza buhun gari ko ɗaya ba, zuwanta kuwa zai ciyar da direba da mai abinci da ɗan jagora, talakawa ne su ma. Kuma tafiyar nan ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Alhazan ƙasar Hausa da Borno ta Alƙahira suke bi tun ɗaruruwan shekaru, sarakunan Kanem har masaukin ɗalibai suka gina a can. Shehu Jalaluddin Suyuɗi, wanda muke karanta tafsirinsa kowane azumi, ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, kuma kabarinsa yana nan cikin birnin. Maman_Ihsan, ku sa shi cikin jerin ziyara, ba shi da nisa sosai da na Imam Shafi'i.

Sadiq_Gwale:
Na ji, Malam. Raina dai bai gama kwanciya ba.

Hauwa_Kulu77:
Nawa ake canjin kuɗinsu yanzu? An ce ya karye.

Hajiya_Saudat_Kwari:
Tun Maris ɗin 2024 da suka saki fam ɗin, ya tashi daga 31 zuwa wajen 50 a dalar Amurka ɗaya. Amma kar ki ɗauka araha za ki samu, kaya sun bi shi sun tashi, kuma tikitin shiga wuraren tarihi na baƙo daban yake da na ɗan ƙasa.

Alhaji_Nura_Dubai:
A dawo kan tambayar baiwar Allah. Ni a ganina ba a ƙasa haɗarin yake ba, a sama yake. Ranar 13 ga Yunin 2025 Isra'ila ta kai wa Iran hari, nan take Iraƙi da Jodan suka rufe samansu. Ranar 23 ga wata ina filin jirgin Doha ina jiran canjin jirgi Iran ta harba makamai kan sansanin Amurka da ke Ƙatar. Aka rufe komai. Rufewar ta 'yan awoyi ce, amma kafin layi ya zo kaina na kwana biyu a kan kujera. Ga tsofaffi, ga masu jarirai. Inshorar da na saya kuwa, da na karanta ƙananan rubutun, ta cire duk abin da yaƙi ya jawo, kuma yawancinsu haka suke. Masar ba ta rufe samanta ba a lokacin, amma ko bikin buɗe sabon gidan tarihin nan na Giza sai da suka ɗaga daga 3 ga Yuli zuwa 1 ga Nuwamba saboda halin da yankin ke ciki. Shawarata: ku hau jirgin da ke tashi daga Kano kai tsaye zuwa Alƙahira, ban da mai biyawa ta ƙasashen Larabawan Tekun Fasha ko da ya fi araha, kuma ku sayi tikitin da ake iya canza wa rana.

Injiniya_Bash:
Ai ranar 10 ga Oktoban 2025 aka tsagaita wuta a Gaza, a Sharm el-Sheikh ma shugabanni suka taru ranar 13. Da wurin ba lafiya da ba su je ba.

Abu_Fadila:
Shugabanni da dubban masu gadi suke tafiya, Injiniya. Kuma an tsagaita a watan Janairu, aka koma a Maris.

Bappa_Marwa:
Batun Aswan fa? Ita ce ta fi kusa da Sudan.

Ɗan_Azhar:
Aswan lafiya take, Bappa, abokaina sun je kwanan nan. Abu Simbel, inda wasu haikalan Fir'auna suke, ita ce ke dab da iyaka, tafiyar kusan kilomita 280 daga Aswan, ana fita tun kafin asuba. Faɗan Sudan yanzu ya fi ƙarfi a Darfur da Kordofan, nesa ƙwarai. A watan Yunin 2025 RSF ta kama kusurwar da Sudan da Libiya da Masar suka haɗu, amma wannan can cikin sahara ne, ɗaruruwan kilomita daga kogi. Ni abin da zai sa in cire Abu Simbel shi ne wahalar mota ga tsohuwa, awa uku zuwa huɗu tafiya, haka dawowa.

Kabiru_Yayan_Ihsan:
Salamu alaikum. Ni ne Yayan da ake magana. Ƙanwata ta turo mini, na karanta tun daga sama, kuma na gode wa kowa, musamman Likita_Zee. Ina so a fahimce ni. Ban ce za a harbi Hajiya a masallacin Azhar ba. Shekararta 74, tana da ciwon suga da hawan jini, allurarta sai an ajiye a firji. Mahaifinmu ya rasu ya bar mini amanarta. Abin da ke hana ni barci shi ne irin wanda Alhaji Nura ya faɗa da wanda Hajiya Saudat ta faɗa: a rufe hanya kwana biyar magani ya ƙare, ko a zaunar da ita awa uku ba ta ci abinci ba. Idan za a tsaya Alƙahira kaɗai, kwana bakwai, jirgi kai tsaye, da maganin wata guda a jakar hannu, zan iya sake tunani. Luksor da Aswan kam ban yarda ba.

Maman_Ihsan:
Yaya, Luksor ɗin ce fa ta fi ambata bayan Azhar. Awa ɗaya ce a jirgi daga Alƙahira.

Ɗan_Ayar_Agadas:
Malam Kabiru, ni da na kawo labarin Kure, ban ce kar a je ba. Na ce kar a ce ba zai yiwu ba. Ku bar sayen tikitin zuwa sati biyu kafin tafiya, ku ga yadda tsagaita wutar ta kasance.

Hajiya_Saudat_Kwari:
Sati biyu kafin hutun Disamba? Kuɗin tikiti zai ninka, ɗan'uwa, in ma an samu kujera.

Ɗan_Azhar:
Yaya Kabiru, in kun tsayar da rana ku sanar da ni ta akwatin sirri, ni zan tarbe ku a filin jirgi in sha Allah. Allurar suga ana samunta a kantunan magani a nan, amma ku zo da takardar likitanta. Ku kuma taho mata da rigar sanyi mai kauri, daren Disamba a nan ya fi hunturun Kano cizo.

Kabiru_Yayan_Ihsan:
Allah ya saka da alheri, Malam. Alhaji Nura, tambaya ɗaya: a kwana biyun da ka yi a Doha, an ba ku jakunkunanku da ke cikin jirgi, ko sai abin da ke hannunku?

Alhaji_Nura_Dubai:
Sai abin da ke hannunmu. Jakata ban sake ganinta ba sai a Kano, bayan kwana shida.